Mairamun Gidanmu

Akwai wata yarinya da aka auro gidan majema da ke bayan dangarmu a nan cikin birni. Ta haifi ’yarta ta fari, ’yar ta fara tafiya, to tun daga nan kunnuwana ba su huta ba. Kullum da hantsi sai in ji ta tana kwaɗa kira: "Maryam! Ke Maryam, fito daga cikin tokar nan!" Ko a jikinta, surukarta na zaune a tsakar gida, ita kuwa tana ta ambaton sunan ’yar fari kamar mai tallan gyaɗa. Tsofaffin da muke zaman kaɗi tare sai su ajiye mazari su riƙe baki, wannan ta ce kunya ta ƙare a duniya, waccan ta ce a zamaninsu da tuni an yi mata waƙa a bakin rijiya. Su juyo su ce, "Iya, ke ba ki ce komai ba." Ni kuwa da aka sani da tsinin baki, wadda ko kaza ta shiga gonar wani sai na tanka, a wannan maganar ba na cewa uffan. Auduga nake ci gaba da ja, zuciyata tana can wani wuri.

Sunan ma kansa ba haka muka san shi ba. Yanzu sai ka ji an ce Maryam, a datse shi, a haɗe leɓe a kansa kamar ana rufe tukunya. Almajiran malaman da suka zo daga Zazzau suka kawo wannan faɗar, sun ce haka yake a rubuce, ni kuwa ban yi karatun da zan yi musu gardama ba. Amma a ƙauyenmu, can gefen Kusasu a bakin daji, Mairamu muke cewa, mu ja ƙarshen ya tafi da nisa. Liman shi kaɗai ke cewa Maryamu, shi ma ranar suna ce kawai, in ya dawo gida ’yarsa Mairo ce kamar ta kowa. Fulanin da ke sauka a sauran gonakinmu da rani su ce Mairama. Gwarawan da muke maƙwabtaka da su suna da tasu faɗar, su haɗiye tsakiyar sunan, mu yi ta kwaikwayonsu suna kwaikwayonmu ana dariya. Suna ɗaya ne, amma daga jin yadda aka kira shi ka san daga wane gida bakin ya fito.

Kuma ba a ce suna ya yi yawa ba sai an ga wannan. Asalinsa wata ungozoma ce da ban riske ta ba, sai labari. An ce wata shekara ƙyanda ta shigo gari tana ɗibar yara, kowa ya kulle ƙofarsa, ita kuwa tsohuwar nan Mairamu ta riƙa bi gida gida da ƙwaryar jiƙonta, tana kwana da ’ya’yan mutane a cinya. Da ta rasu, sai kowane magidanci ya ga ba abin da zai saka mata da shi sai suna. Aka yi ta sa wa ’ya’ya mata, har ya zama in an haifi mace ba a ma tambaya. Wanzami kan ce shi dai a faɗa masa in ba Mairamu ba ce, in ita ce a bar shi ya ci gaba da wasa askarsa. Idan muka je rafi da tuluna, wani ya tsaya a kan gaɓa ya ce "Mairamu!" sai ka ga kawuna sun ɗago ko’ina kamar ’yan tsaki. Dole aka riƙa rarrabe su: Mairamu Doguwa, Mairamun Maƙera, Mairamu Mai Wushirya, Mairamun Bayan Kuka. Amma wannan na mutanen waje ne. Uwa ba ta buƙatar laƙabi. Da yamma in rana ta yi ja, hayaƙi ya fara tashi daga kowane gida, sai ka ji iyaye mata sun fito bakin danga suna kira, sunan nan ɗaya, kowace da nata karin, wata ta ɗaga farkon, wata ta karya tsakiya, wata ta ja ƙarshen har numfashinta ya ƙare. Kowace yarinya kuwa ta san nata, ta ajiye wasa ta ruga. Har yau in na rufe ido ina jin wannan kiran yana ratsa gari tare da ƙarar taɓarya da kukan awaki masu dawowa.

Mu ma muna da tamu. Yayata ce, ita ce ’yar fari a ɗakin mahaifiyarmu, wadda muke kira Inna, ni ke bi mata. Mairamun gidanmu ita kaɗai ce a cikin sa’o’inta da ba a kira da yamma, domin ita ce ’yar fari a cikinsu, kuma a wancan zamani uwa ba ta ambaton sunan ɗanta na fari. Ba ta ɗaukarsa a gaban mutane, ba ta yi masa wasa, in ya faɗi ya fasa baki sai ta kau da kai wani ya ɗaga shi. Kunya ce, kuma ita ce darajar mace a gidan miji, ana auna tarbiyyar gidansu da ita. Inna kuwa ta fi kowa riƙe wannan, don daga wani gari aka auro ta, ba ta so a ce baƙuwa ba ta san kara ba. Tun da aka yaye Yaya aka miƙa ta ɗakin kakarmu, uwar Baba, can take kwana. In Inna na son ta sai ta ce, "Ke," ko "Waccan," ko ta ce da ni, "Je ki ce wa yarinyar nan ruwa ya ƙare a randa." Ko wata Mairamun daban za ta ambata, sai ta kewaye ta ce ’yar gidan wane. Har zuwa lokacin ban taɓa jin sunan nan a bakinta ba ko da kuskure.

Kada wani ya ɗauka ƙi ne. Ni ce ’yar aike, na san abin da na sani. In an kwashe tuwo, ƙanzon da ya fi kauri Inna ke kankarowa ta ƙunsa a ganye, ta tura mini ba tare da ta dube ni ba, ta ce, "Kai wa waccan, kada ki ce ni ce." In Yaya na zazzaɓi a ɗakin Kaka, Inna ba ta shiga, amma sai ta tsiro da tsintar tsakuwa a gero a daidai bakin ƙofar, ta wuni a nan, geron da an riga an tsince shi. Yaya ma ta sani. Yarinya ce mai dariya, mai tsokana, doguwa, mai saurin hannu a wurin aiki. Takan karɓi ƙanzon ta ce da ƙarfi yadda za a ji, "Allah ya saka wa wanda ban san shi ba." Inna ta sunkuyar da kai tana hura wuta, kafaɗunta na rawa don dariyar da take dannewa.

Sai zamani ya juya, mahara suka fara fitowa daga yamma da dawakai, suna kama mutane su tafi da su. Da farko labari muke ji daga nesa, daga baya ya matso. Ƙauyenmu ba shi da ganuwa, dajin nan shi ne ganuwarmu. An koya wa kowane yaro cewa in ya ji an busa ƙaho, kada ya nufi gida, ya faɗa kurmi ko kogon dutse ya yi lamo har a zo a kira shi. Ana nan sai wani bafatake ya zo da labarin abin da aka yi a wani ƙauye ta wajen Gwaska. Maharan sun gane sunan da ya cika ƙasar, sai suka tsayar da wata mata da suka kama a bakin kurmi, da mashi a bayanta, suka ce ta kira Mairamu. Ta kira, yara mata suka yi ta fitowa da ƙafarsu. Da dattawanmu suka ji haka sai suka taru a ƙofar mai gari, suka yanke magana: daga yau kada yarinyar da ta fito daga maɓoya don ta ji sunanta, ko wa ya kira, sai in muryar uwar da ta haife ta ce. Aka bi gida gida ana faɗa, aka sa yara suka maimaita. Dabara ce mai kyau, kuma dattawan kirki ne suka yi ta. Sai dai duk cikinsu ba wanda ya tuna da ’ya’yan fari, domin abin da aka saba da shi ba a ganinsa.

Yaya ce ta tuna. Muna tsakar gida ana sussuka, Gwaggo, ƙanwar Baba, ta gama jaddada mana dokar, sai Yaya ta jingina taɓarya ta ce tana murmushi, "To Gwaggo, ni fa? Wa zai kira ni?"

Gwaggo ta ce, "Ke, rufe mana baki! Kina jawo mana masifa da bakinki? Allah ba zai nuna mana ranar ba."

Yaya ta ce, "Amin. Tambaya dai na yi." Ta saci kallon Inna. Inna na shiƙa da faifai, ba ta ɗago ba, amma na ga hannunta ya tsaya, dawar na zuba ƙasa ba ta sani ba.

Da bazara ne abin ya faru, lokacin ɗorawa, zafi kamar a gasa mutum. Mukan fita tun da sassafe mu ’yan mata, manya da dogayen ƙugiyoyi suna fizgo ɗorawar, mu ƙanana muna tsincewa a kwanduna, bakunanmu duk sun yi rawaya da garinta. Ranar har da Mairama, ’yar Fulanin da suka sauka kusa da gonarmu, ƙawar Yaya ce ta ƙut da ƙut. Rana ta ɗaga sosai sai muka ji ƙaho daga gari, muka ji kururuwa. Kowa ya watsar da abin da ke hannunsa. Yaya ta fizgi hannuna muka faɗa kurmi, ƙaya na yagar mu, har ta sami wani rami a gindin tushen maje da ya faɗi. Ta cusa ni ciki, ta ja busassun rassa ta rufe. Ramin ba zai ɗauki biyu ba. Ta leƙo ta ce, "Kada ki motsa sai kin ji Inna. Kin ji ko?" Na ce na ji. Ta ruga ita da Mairama suka yi cikin duwatsu.

Ban san iya zaman da na yi ba. Na ji sukuwar dawakai ta wuce can nesa, na ji ƙaurin hayaƙi, ƙishirwa ta bushe mini maƙogwaro, tururuwa na cizo ban isa in yi kuka ba. Sai da rana ta karkata na fara jin muryoyin mata daga bakin daji. Mairamu ta ko’ina, kowace uwa da nata karin, irin na kowace yamma, sai dai yau da kuka a ciki. Can na ji sunana. Muryar Inna ce, ta kira shi sarai, ta sake kira. Na ture rassan na fito da rarrafe, na same su a fili a bakin kurmi, gari guda a tsaye. Maharan sun ƙone rumbuna, sun tafi da waɗanda suka riska a gona da bakin rafi, sauran ana ta tattarawa. Inna ta rungume ni, ta ce a kunnena, "Ina waccan?" Na nuna duwatsu.

Baba na nan tsaye da yayyensa maza, surukan Inna ke nan da ba ta ko cin abinci a gabansu. Kaka ba ta iya tafiya, an bar ta a gida. Gwaggo ta shiga gaba ta yi ta kira, "Mairamu! Mairamun gidanmu, fito, sun tafi!" Shiru. Yara na ta fitowa ɗaya bayan ɗaya, kowace ta faɗa jikin uwarta. Inna ta matsa bakin kurmin, na ga ta buɗe baki, na ga leɓenta ya haɗu zai fara sunan, sai ta waiwaya ta ga mazan nan a bayanta. Ta ce, "Ke! Ke yarinyar nan! Fito mana!" Wace yarinya, a dajin da ke cike da yara? Ta ce da ni in kira, na kira Yaya har muryata ta dushe. Ba wanda ya ce da Inna kada ta kira. Ba kuma wanda ya ce mata ta kira, ko Baba, don shi ma kunyar ce ta ɗaure shi, yana ta cewa Gwaggo ta ƙara ɗaga murya. Kowa na ganin ai za ta ji, ai za ta gane, yanzun nan za ta ɓullo tana dariya. Wannan tsayuwar da muka yi ita ce abin da ya fi ci mini rai a duk rayuwata.

Rana na gab da faɗuwa Mairama ta fito, uwarta ta daɗe tana kira da Fulatanci. Ƙafafunta duk jini, ta sha ruwa, aka tambaye ta ina ƙawarta. Ta ce, "Tana can cikin dutse, ta yi targaɗe. Mun ji Gwaggo tun ɗazu. Na ce ta taso in riƙe ta, ta ce a’a, an ce sai muryar uwa. Na ce ai kin san Innarki ba ta kiran ki. Ta ce, yau za ta kira. Ta ce mu jira kaɗan, yau dai za ta kira."

Inna ta saki hannuna. Ta yar da mayafinta a gaban surukanta, ta shiga kurmin har ƙaya ta kama zanenta, ta ɗora hannu biyu a ka ta kira. "Mairamu!" Ban taɓa jin an faɗi sunan nan haka ba, kafin ranar ko bayanta. Ba irin karin garinmu ba ne, ba ta da karin da ta saba, sunan ya fito mata a rarrabe kamar mai koyon magana, ƙarshensa ya karye ya zama kuka. Ta sake kira, ta sake. Muka kasa kunne, ba abin da ya amsa sai tsuntsaye masu komawa sheƙa. Ko iska ta juya ne, ko ta matsa can ciki da ta ji muryoyin maza, ko wani abu ya riga ya same ta, Allah kaɗai ya sani. Maza suka ɗauki Mairama a kafaɗa ta nuna hanya, amma yarinya ce a firgice, duwatsun kuma duk kama ɗaya, duhu ya rufe kafin su gane wurin. Da gari ya waye aka sami kogon. Gammonta na ciki, da ɓawon ɗorawar da ta ci. A bayan dutsen, ta ɓangaren da ba mu tsaya ba, akwai sawun dawakai. Ba mu ƙara jin ɗuriyarta ba.

Daga wannan shekara sunan ya mutu a ƙasarmu. Gidaje da yawa sun rasa tasu Mairamun, a rafi ko a gona, ba mai son ya sa wa jaririya sunan da in an kira maƙwabciya za ta shiga ɗaki ta yi kuka. Aka koma Hauwa da A’i da Habiba. Waɗanda suka rage da sunan suka girma, aka bi su da laƙabi har aka manta na yanka. Mutane suka yi ta tashi suna komawa cikin birni bayan ganuwa, Inna ta ce ita ba inda za ta, kada yarinya ta dawo ta tarar da kango. Baba bai iya musa mata ba. Kuma tun daga ranar ba ta ƙara ɓoye sunan ba, duk yamma in an gama tuwo sai ta fita bakin danga ta fuskanci daji ta kira, sannan ta dawo ta ci gaba da aikinta. Da hankalinta sarai, ba taɓuwa ta yi ba. Tun mutane na tsegumi har suka bari.

Na girma aka aurar da ni cikin birni. Da cikina na fari ya tsufa aka mayar da ni gida wurin Inna in haihu, kamar yadda ake yi. Na haifi namiji. Ni ma na yi abin da na ga ana yi, na juya masa baya, in an miƙo shi in shayar da shi sai an yi da gaske, mata na yaba ni suna cewa ’yar gidan kunya ce. Ranar suna aka yanka rago, maroƙi ya ɗaga murya a ƙofar gida ya ce an sami Sule, mata suka rangaɗa guɗa. Ina ƙuryar ɗaki lulluɓe da zane, ɗakin cike da dangin mijina da suka zo daga birni, ga surukata a zaune a bakin gado. Sai Inna ta shigo, ta karɓi jaririn daga hannun ungozoma, ta yaye lulluɓina, ta ɗora mini shi a cinya. Ta tsufa a lokacin, idonta ya fara yin hazo.

Ta ce, "Kira shi."

Na ce, "Haba Inna," na rufe fuska da hannu.

Gwaggo ta ce, "Ke kuwa lafiya? A gaban surukanta? So kike a koma da mu birni a baki?"

Inna ba ta ko dube ta ba. Ta cire hannuna daga fuskata, ta riƙe shi gam, ta ce, "A koma da mu. Ni na riƙe kunya, ba wadda ta kai ni a garin nan, kowa ya yaba. Ga ni nan da yabon." Ta ƙara da cewa, "Ki kira shi yanzu, da ƙarfi, ya ji yadda sunansa yake a bakinki. Gobe ma ki kira shi, da jibi. Ba zan bar ɗakin nan ba sai na ji."

Na dubi surukata, ta sunkuyar da kai, ita ma ta san labarin. Na dubi yaron, wannan ne karo na farko da na dube shi sosai, yana barci da hannunsa a dunƙule. Na ce, "Sule." Ya fito a hankali, ni kaina da ƙyar na ji.

Inna ta ce, "Bai ji ba. Daga cikin dutse ba zai ji wannan ba."

Na ja numfashi, hawaye na zuba a kan zanen goyonsa, na kira shi yadda har mazan da ke ƙofar gida sai da suka ji. Yaron ya firgita ya buɗe ido, ya tsala kuka. Inna ta saki hannuna ta zauna a ƙasa, ta ce, "To. Ya amsa."